Tahiyar tarihi daga Yamai zuwa Arewa: coci, misiyon ta Dutsi da Lugu, ra'ayina a kan aikin ɗan jagorar

Salamu alaikum jama'a. Tun da munka dawo daga Dogon Dutsi mutane ke ta tambayata wa ya kai mu, nawa munka biya, kuma shin abin ya kai kuɗinshi ko a'a. To ga amsar gaba ɗaya, ya kai, har ya wuce, amma akwai gyare-gyare kuma zan faɗe su.

Wani matashi ne nan Yamai, ya karanta tarihi a jami'a, shi da wani abokinshi direba sunka haɗa kai suna kai mutane yawon ganin wuraren tarihi cikin Hiyas guda. Tsarin da munka shiga shi ne wanda ya shahi zuwan limaman Katolika lokacin annasara da yadda aznanci da bori sunka ƙi mutuwa duk da haka. Wuni guda cikin Yamai, wanshekare a ɗauki hanyar Doso zuwa Arewa, wato ƙasar Arawa ta gehen Dogon Dutsi, a kwana can a dawo. Jika 45 kowane mutum, ciki har da mota da wurin kwana da abinci. Ni musulma ce, kakata ta wajen uwa ba'ara ce daga gehen Matankari, mun tashi muna ji in za ta ambaci Doguwa, ɗaya daga cikin manyan iskokin bori, sai ta rage murya, babana kuma lakwal ta misiyon ya yi kuma har Allah ya karɓi abinshi ban taɓa ganin ya bar salla ba. Abubuwan nan biyu suna cikin gidanmu amma ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya haɗa min su wuri guda, shi ya sa da na ji labarin tahiyar ban tsaya shawara ba.

Daga babbar cocin Katolika munka fara, wadda ake ce ma Notre-Dame du Perpétuel Secours. Kamin mu sauka mota wani dattijo cikinmu ya ce shi fa ba ya shiga, ɗan jagorar ya ce mishi Alhaji ba komi, ga inuwa nan bakin ƙohwa ka zauna, duk bayanin a waje zan yi shi don kowa ya ji, wanda ke son leƙawa ciki sai ya leƙa daga baya. Haka kuwa anka yi, ba gardama ba tsangwama. Nan na fara ganin yaron ya san mutanen da ya ɗauko.

Abu na farko da ya warware mana shi ne soja daban, liman daban. Mu da yawa mun ɗauka annasara ya shigo ne da bindiga a hannun dama da gicciye a hagu rana guda. A ƙasarmu ba haka anka yi ba. Rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa a 1899 tana ƙone garuruwa, anka mai da Nijar koloni a 1922, babban birni ya taso daga Damagaram ya dawo Yamai a 1926, duk wannan babu misiyon ta Katolika a garin nan. Sai a 1931 Fada François Faroud na ƙungiyar SMA, masu aikin misiyon na Afirka da ke da cibiya a birnin Liyon, ya zo ya kafa ta Yamai. Shekara talatin da biyu kenan tsakanin ƙone garin Lugu na Arewa da rundunar nan ta yi da zuwanshi. Kuma su kumandan ba su cika murna da limaman ba, don Faransa ita kanta ta raba coci da gwamnati tun 1905, kuma abin da kumandan ke so shi ne haraji ya shigo, a samu mutanen aikin tilas, sarakuna su zauna lahiya, ba ya son wani ya zo ya tada mishi ƙura da wa'azi cikin ƙasar da ya ga masallatai. Masu zuwa addu'a na farko ma galibinsu ba 'yan ƙasa ba ne, akawuna ne da malaman lakwal da masu sana'a 'yan Dahomai da Togo da gwamnati ta kawo aiki, can bakin teku SMA ta daɗe, tun 1861 suke Wida. 'Yan Furotesta na ƙungiyar misiyon ta SIM ma sun riga su shigowa, sun sauka Damagaram a 1924, su ne daga baya sunka gina likitar Galmi a 1950 wadda duk ɗan jihar Tawa ya sani.

Sauran ya bi da su da sauri kuma nima haka zan yi. 1942 Roma ta ba Yamai matsayin yankin coci mai cin gashin kanshi da Faroud a kai, 1948 aikin ya koma hannun ƙungiyar Redamtoris ƙarƙashin Constant Quillard, 1961 bayan samun 'yanci anka naɗa Hippolyte Berlier bishop na farko. Sai 2014 sannan ɗan ƙasa ya hau kujerar, Laurent Lompo, bagurme daga yankin Makalondi. Wannan kaɗai ya ishe ka ka gane inda aikinsu ya kama ƙasa da inda bai kama ba, wajen Gurmawa da wasu ƙauyukan Sonrai na Gorwal kamar Dolbel ya kama, cikin Hausawa kuwa kaɗan ne ƙwarai.

Gidan tarihi na Boubou Hama mun shiga, mun ga kayan sawa da kayan kiɗa da bukkokin ƙabilu, wuri ne mai kyau amma kusan kowa cikinmu ya san shi tun yana yaro. Abin da ya tsaya min a rai ranar shi ne labarin da ya ba mu muna zaune ƙarƙashin itace bayan mun hito, labarin Babule, waɗanda Zabarmawa ke ce ma Hauka. Wajen 1925 a ƙasar Kurhwai, gehen Filinge, wasu sababbin iskoki sunka fara hawan mutane, wata mata da ake ce ma Shibo daga Shikal ita ce kan gaba. Iskokin nan ba irin waɗanda anka saba ba ne, sojoji ne, suna fareti, suna sara wa juna, suna ba da oda da wani irin faransanci, suna riƙe wuta ba ta ƙona su. Akwai Gwamna cikinsu, akwai kofur na gardi, akwai likita. Samari sunka bi su sunka fara ƙin sarkin da annasara ya naɗa da aikin da ake tilasta musu. Kumandan na Yamai, Crocicchia, ya sa anka kamo su anka ruhe anka wahalshe su, to me ya biyo baya, shi kanshi sai ya zama iska cikin bori, Kumandan Mugu. Daga nan 'yan ci-rani sunka tahi da abin har Akara. Ɗan jagorar ya ce mana ku duba da kyau, wannan yana faruwa ne kamin ma a aza tubalin misiyon ta Yamai, wato lokacin da limaman sunka iso ba addini mai gargarar mutuwa sunka tarar ba, sun tarar da wanda ke da ƙarhin da zai haɗiye kumandan da kanshi ya ba shi wuri cikin iskokinshi. Wallahi na sha ganin Babule a wajen wasa ina yarinya ina gudu ina ɓoyewa bayan innata, ban taɓa sanin akwai tarihin kurkuku da bulala a bayansu ba.

Wanshekare ne matsala ta fara. An ce ƙarhe shida za a tashi, ba mu bar Yamai ba sai wajen bakwai da rabi saboda direba bai sha mai ba tun dare. Klim ɗin motar ya mutu tun kamin Kure, ga mu da tsohuwa guda mai hawan jini, kuma ruwan da sunka tanada ya yi kaɗan ga yawanmu, sai da munka saya da kuɗinmu a Birnin Gaure. Wannan sakaci ne, mutum ya biya jika 45 bai kamata ya roƙi ruwa ba. Doso munka karya da shayi da burodi da ƙwai, ba laihi. Hanya kilomita kusan 270 ce zuwa Dutsi, da shingayen jandarma, amma yaron bai bari ta zama hanyar barci ba, tun daga Doso ya shiga ba mu labarin Arewa, Gubawa da sunka fara zama su ke riƙe da ƙasa da iskokinta, Arawa da sunka zo daga baya su ke riƙe da sarauta, Sarauniya a Lugu, mai sarautar Baura a Bagaji, Sarkin Arewa a Matankari, da yadda ko jihadin Shehu na 1804 bai kawar da aznancin yankin ba.

A Dutsi ne na ga inda kuɗina ya tahi. Misiyon ta can bayan yaƙin duniya na biyu anka kafa ta, kuma dalilin zaɓen wurin a hili yake, limaman sun lissafa cewa inda musulunci ya riga ya zauna ba su da rabo, amma ga mutanen da ba su salla, su ne za su karɓa. Sunka buɗe lakwal, sunka yi magani, sunka koyi Hausa. Yara sun zo, marasa lahiya sun zo, baftisma ce dai ba a zo ba sai ɗaiɗai.

Ɗan jagorar bai tsaya ya yi mana lacca a kan dalili ba, ya kai mu gidan wani tsoho da ya yi wannan lakwal yana yaro, anka shimfiɗa mana tabarmi a zaure anka kawo hura mai sanyi cikin ƙwarya. Tsohon ya kusa makancewa amma kanshi garau. Ya ce ubanshi azne ne, mai yanka ne ma a gidansu, shi ke zuba jinin akuya ga Doguwar gida kamin a yi shibka. Da anka zo neman yara na lakwal uban ya ba da shi don shi ne ƙarami kuma bai da ƙarhin noma. Ya koyi karatu, ya koyi addu'o'insu, har yau ya iya, ya rera mana wata waƙar coci da faransanci muryarshi na rawa, ya ce Fada bai taɓa dukanshi ba, kuma ranar da ƙyanda ta kama shi Fada ne ya kwana kanshi. Sai wata cikinmu ta ce to Baba me ya hana ka bi shi. Ya yi shiru kaɗan, ya ce ɗiyata, in na bi shi wa zai ba ni mata, in na mutu wa zai bizne ni, kuma in lokacin yanka ya yi babana ya miƙo min nama in ce ba ni ci, ai na hita daga gidan kenan. Ya ce Fada ya ce sai an zaɓa, ko wannan ko wancan, mata guda, ba yanka, ba laya, ba zuwa wajen mai duba. Shi kuwa ubanshi ba gardamar Allah yake ba, aznan sun san Allah, su dai sun ce ya yi nisa, iskoki ne kusa, su ke riƙe da ruwan sama da gona da haihuwa. Ka bar musu yanka shekara guda a yi fari, duk gari ya san gidan wa za a nuna.

To shi kanshi daga baya salla ya kama, lokacin da ya fara fatauci zuwa Sakkwato da Kano, don a kan hanya in ba ka salla ba mai ba ka masauki ba mai ba ka bashi. Kuma ya faɗa mana gaskiya cewa shekaru da dama yana salla yana kuma aika kaza gida in an yi yanka, ba wanda ya kore shi daga masallaci saboda haka a wancan lokaci. Nan ne na gane abin da ya faru da Arewa. Zaman da annasara ya kawo, hanyoyi, kasuwanni, bariki, sarakunan kanto da ya ɗora bisa masu ƙasa, duk ya raunana aznanci, amma ba coci ta kwashi ribar ba, musulunci ne ya kwasa, saboda ƙohwarshi ta hi faɗi ga mutumin da ke da mata uku da kakanni da zai ba haƙƙinsu. Misiyon ta samu 'yan lakwal, ta ba ƙasar nan ma'aikata da malamai da likitoci irin babana, wannan alheri ne kuma ni ba zan ɓoye shi ba don ina musulma, amma zukatan da ta zo nema galibinsu sun tahi wani wuri. Ƙidayar 2012 ta ce musulmi sun haura kashi 99 cikin 100 na 'yan Nijar, kiristoci da masu addinin gargajiya duka ba su kai kashi 1 ba. Sai dai mai ƙidaya tambaya guda yake yi, ba ya tambayar wa ka je gani da dare lokacin da ɗanka ya kwana uku yana suma.

Bayan la'asar ya kai mu wajen wata tsohuwa kirista, haihuwar nan Arewa, wadda iyayenta na cikin 'yan kaɗan ɗin da sunka karɓi baftisma. Na ji daɗin da ya yi haka, don da ya tsaya kan tsohon kaɗai da mun tahi da rabin labari. Ɗakinta tsab, gicciye na itace a bango, gehe guda kalandar coci, ga jikokinta biyu sun shigo da allo a hannu daga makarantar malam, don ɗiyarta musulmi ta aura. Ta ce sun sha gori ta kowane ɓangare, dangi azna na cewa sun watsar da kakanni, musulmi na cewa sun bi annasara, akwai shekarun da ko bikin dangi sai a manta da su da gangan. Ta ce ita ba don shinkafa ko don magani ta zauna cikin addininta ba, ta yarda da shi ne, kuma yadda ta faɗe shi ba ka da ikon ka ƙaryata ta. Wani cikinmu ya so ya ja ta da cewa ai ku ma kuna zuwa wajen boka a ɓoye, ɗan jagorar ya tare shi cikin ladabi ya ce yaya mun zo saurare ne. Ita da kanta daga baya ta ce uwarta har ta mutu ba ta yarda a sare wata tsamiya da ke bayan gidansu ba, kuma katakis, mai koyar da addini a cocinsu, ya sani ya kau da kai. Ta yi maganar 2015 lokacin da anka ƙone coci-coci a Damagaram da Yamai, ta ce ranar maƙwabtanta musulmi ne sunka zo sunka zauna ƙohwar gidanta. Ni kam hawaye sun zubo min, kunya ta kama ni ga abin da anka yi da sunan addinina.

Wurin kwana ɗakuna ne na haya masu sauƙi, akwai gidan sauro, panka na aiki, amma makewayi guda ne maza da mata, wannan ma ya kamata a duba. Abincin dare kuwa ya yi, dankalin turawa na Dutsi da anka soya da naman zabo, wanda ya san garin ya san dankalinsu.

Lugu da sassahe munka tahi, an bar gudron an shiga rairayi da duwatsu, Hiyas ta sha wuya, sau da yawa sai mun sauka maza sun tura. Kamin mu shiga gari ya tsai da mota ya yi mana gargaɗi, ba hoto sai an ba da izini, ba dariya, ba wa'azi, wanda ya san zuciyarshi ba za ta ɗauka ba ya zauna mota ba wanda zai ga laihinshi. Garin ƙarami ne ƙwarai, bukkoki da rumbuna, in ba a faɗa maka ba ba za ka ce nan ne anka tare rundunar Voulet a watan Afrilu na 1899 ba. Ya nuna mana tuddai da kurmin da mutanen Sarauniya Mangu sunka shige bayan an ƙone garin, ya ce daga nan rundunar ta wuce ta yi kisan Birnin Ƙonni a watan Mayu, kuma watan Yuli bai ƙare ba sai da sojojinsu da kansu sunka kashe Voulet da Chanoine. Ya kuma ja hankalinmu cewa kar mu ce Sarauniya ta yaƙi kiristanci, sojoji ta yaƙa, ba liman ko guda cikin abin. Na yaba da wannan, don da sauƙi mutum ya ƙara gishiri ya burge baƙi.

Sarauta ce da ba ta yanke ba har yau. Munka tuɓe takalma nesa da bukkar, munka durƙusa bakin ƙohwa, wani dattijo na tsakani yana isar da gaisuwa. Ciki da duhu, sai da idona ya saba sannan na ga farin zane da abawa da mazari a gehe, don kaɗi na cikin aikinta, kuma ba ta yawo, zaman ɗakin shi ne sarautar. Na ce ranki ya daɗe, na faɗi garin kakata, anka isar, sai ta tambaya ta bakin dattijon ko gidanmu ana lahiya, ko an samu ruwa wajenmu bana. Iyakar maganar kenan, amma jikina ya yi sanyi, don irin tambayar da kakata ke fara yi ma duk baƙo ce. Dattijon ya yi mana bayanin tarkama, yadda in Sarauniya ta rasu ake ɗaukar gawar bisa kai, su ce ita ke jan masu ɗaukarta har ta kai su ga wadda za ta gaje ta, ba zaɓe ba kamfe. Sannan anka kai mu wajen Tunguma, dutsin shari'a, wanda ake kai ma ƙarar sata da rikicin gona da abin da ya shige duhu, su ce yana motsawa ya nuna amsa. Ni ban ga an yi shari'a ba ranar, kuma a matsayina na musulma ban yarda dutsi na da ikon komi ba, amma na ga mutane zaune suna jira da buƙatunsu, wasunsu da tasbaha a hannu, ɗaya ma da tabon salla a goshi. Ɗan jagorar ya ce ba nan kaɗai ba, a Masalata kusa da Ƙonni ma duk shekara ana arwa a duba yadda damina za ta kasance kuma jama'a na cika wurin. Limaman Katolika sun zo sun yi iyakar ƙoƙarinsu, wa'azin malamai ya yi ƙarhi tun daga shekarun 1980, garin ya ragu matasa sun watse, amma ga shi ana zuwa.

Akwai abu guda da ya yi da ya sa zan sake ba shi kuɗina. A hanyar dawowa wani ya tare mu ya ce in za mu haɗa jika goma zai kira mai goge da 'yan bori su yi mana wasa mu ɗauka a salula. Wasu cikinmu har sun fara laluben aljihu. Yaron ya ce a'a, ya ce wasa ana yin shi ne don mara lahiya ko don wata buƙata ta masu shi, in mun tarar ana yi kuma anka yarda mu tsaya to, amma ba zai sa a kira iskokin mutane don baƙi su yi kallo ba. Ya yi asarar farin jini wajen mutum biyu ko uku a motar, sun yi ta gunaguni har Doso, amma ni a wurina daidai ya yi.

Sauran gyaran da nake so ya ji. Kuɗin goro na dattawa da na gaisuwar Sarauniya ba ya cikin jika 45 kuma ba a faɗa mana ba sai da munka isa, wasu ba su riƙo canji ba abin ya zama kunya gaban tsohi, a faɗa tun Yamai ko a saka shi cikin kuɗin. Lokacin Lugu ya yi kaɗan saboda ana sauri a koma kamin duhu, Bagaji ma da ke cikin tsarin ba mu je ba sam, ba a kuma rage mana ko dala ba. Sannan duk tahiyar ba mu zauna da mace 'yar bori ko guda ba, alhali kowa ya san mata ne sunka riƙe bori lokacin da maza sunka koma masallaci, kuma ba a ce komi ba a kan matan zuhudu da sunka yi aikin lakwal ta 'yan mata da awon ciki, su ma suna cikin labarin. Na faɗa mishi wannan baki da baki ya ce Hajiya na ji, ya rubuta cikin ɗan kundinshi.

Wanda ke son zuwa ya riƙo katin ɗan ƙasa saboda shingaye, ya riƙo ruwanshi da canji na goro kamar jika biyu ko uku, mata a sa zane da mayahi da takalmin da ake tuɓewa da sauƙi. Lokacin sanyi ya hi, cikin damina hanyar Lugu ba ta Hiyas ba ce sai kat-kat. Kuma a tambaye shi halin hanya kamin a biya, don shi kanshi ya ce in bai samu tabbaci daga mutanen can da hukuma ba ba ya tashi, yana mai da ma mutane kuɗinsu ko a tsaya ga wunin Yamai kaɗai, wanda shi jika 10 ne. Malaman lakwal masu koyar da tarihi su nake ba shawara su fara zuwa, har na ce mishi ya yi musu ragi in sun zo a ƙungiya, ya ce zai duba da abokin aikinshi.